Sha yanzu magani yanzu: tarkon da ke jiran masu ciwon damuwa a Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya san kasuwannin ƙauye tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san mai tallan magani. Yana nan ranar kasuwar Tamaske, yana nan a Sabon Gida da Karofan, da tirensa a ka ko jakarsa a bayan babur, ƙwayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa sun sha rana har takardarsu ta koɗe. Ba ya neman takardar likita. Tambayarsa ɗaya ce, "me ke damunka?", kuma duk amsar da ka ba shi yana da ƙwayarta. Shekara da shekaru muna kuka da shi a kan maganin masassara na jabu da tramol ɗin da ya cinye mana samari. Yanzu wata ƙofar ake shirin buɗe wa shi da ire-irensa, kuma ta fi na baya haɗari, domin masu shiga ta mutane ne da ciwo ya riga ya raba su da ƙarfin kare kansu. Ina nufin masu ciwon damuwa, musamman waɗanda suka sha maganin asibiti suka ga kamar bai yi ba.

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran kwana biyu, kuma zalunci ne a kira shi raunin imani kamar yadda wasu ke yi da gaggawa. Yana kama mutum makonni da watanni. Barci ya ƙaurace masa, ko ya farka tun kafin asalatu ya kasa komawa. Abinci ya fita ransa, gona da kasuwa da hirar fada duk su zame masa kaya. Ƙirji ya yi nauyi, jiki ya mutu, ya riƙa ganin ba shi da amfani ga kowa, wani har ya soma ganin mutuwa ta fi masa sauƙi. A wajenmu mai wannan ciwo ba kasafai yake kiran sunansa ba. Cewa yake "jikina ba ƙarfi", "gabana na faɗuwa", "tunani ya yi mini yawa". Shi ya sa ake ta ɗura masa maganin shawara da na masassara ana kewaye ainihin abin. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya da mutum miliyan 280, ta kuma ce a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali sama da kashi 75 cikin ɗari ba sa samun kulawa ko kaɗan.

Ƙasarmu kuwa ba ta rasa abin da ke tayar da shi ba. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni. Ko lokacin da aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun suka haƙa ramukan itatuwa, saboda mazan suna Abijan, suna Legas, suna Kano. Har gobe haka abin yake, sai dai an ƙara Libiya da Aljeriya da ramukan zinariya na arewacin Agadas. Akwai saurayin da ya dawo hannu rabbana bayan shekaru, ya kasa haɗa ido da mahaifiyarsa. Akwai matar da aka bari da yara da rumbu wayam, kuma a ƙasashe irin namu kusan mai jego ɗaya cikin biyar na shiga wannan hali bayan haihuwa. Manomin albasa a kwarin Tarka yakan ci bashin mai da taki, ya tone albasa farashi ya faɗi, masu bashi na bakin ƙofa. A watan Nuwamban 2021 kaɗai mutum sama da 11,000 suka tsallako daga jihar Sakkwato zuwa ƙauyukan Bangi suna gudun ƴan bindiga, da yawansu sun ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Waɗannan su ne kasuwar da ake hari.

Maganin da asibiti ke bayarwa sananne ne kuma mai araha. Biyu suka fi yawa a ƙasashenmu, amitiriftilin da fulokzetin, dukansu suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 2008 hukumar ta fito da tsarin horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane ciwon su rubuta waɗannan magunguna, don ta san likitan ƙwaƙwalwa ba zai isa kowane ƙauye ba. Suna aiki. Amma suna da wani hali da ya wajaba a gaya wa majinyaci da danginsa tun ranar farko, kuma rashin faɗarsa ne mafarin yawancin ɓarnar: wahalarsu tana riga amfaninsu zuwa. Wanda ya fara amitiriftilin, cikin ƴan kwanaki bakinsa zai bushe, barci ya yi masa nauyi, jiri ya ɗebe shi in ya miƙe da sauri, bayan gida ya yi tauri. Mai shan fulokzetin yakan ji tashin zuciya da rashin sukuni. Sauƙin kuwa sai mako biyu zuwa huɗu yake fara leƙowa, kuma ba a yanke wa magani hukunci sai an sha shi kullum, a ma'aunin da ya dace, mako shida zuwa takwas. In an samu lafiya ma ba a ajiye shi nan take. Ana ci gaba aƙalla wata shida, sau da yawa har shekara, don kada ciwon ya dawo.

To, dubi yadda abin ke gudana a gidajenmu. An kai mutum asibiti da ƙyar, bayan an gama da rubutu da hayaƙi. An sayo maganin kwana goma, iyakar kuɗin ke nan. Ya sha kwana biyar, kasala ta ƙaru, kawu ya ce wannan magani ƙara masa ciwo yake yi. Ko ya shanye na kwana goman, a koma a tarar babu shi a farmasi. Ko damina ta cika ƙorama ta yanke hanya. Ko azumi ya kama, ya ajiye, saboda ba wanda ya gaya masa sau ɗaya ake sha a yini, ana iya sha bayan buɗa-baki ko da sahur. Daga nan sai hukunci ya fita a tsakar gida: an gwada na asibiti, bai yi ba.

Ba a gwada ba, jama'a. Likitoci suna da ma'aunin ciwon damuwar da ya gagari magani. Sai an sha magani iri biyu daban-daban, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a cikakken ma'auni, kowanne na tsawon makonnin da ya kamata ba tsallake, sannan aka rasa sauƙi. Irin wannan akwai shi, kuma ba kaɗan ba. Babban binciken da aka yi a Amurka a kan majinyata kusan 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan ɗaya bisa uku ne kawai ke warkewa sarai da maganin farko. Saura sai an canja ko an ƙara, wasu kuwa har bayan gwaji na huɗu suna nan da ciwonsu. Amma binciken nan dai ya nuna da yawa daga waɗanda suka warke sai bayan mako na shida suka warke. Mutum nawa ne a Garhanga ko Tabotaki suka taɓa samun magani ɗaya na mako takwas a jere, balle biyu? A ganina, mafi yawan abin da muke kira ciwon da ya gagara ciwo ne da ba a taɓa yi wa jinya yadda ya kamata ba. Wani ma ba a gano abin da ke ƙarƙashi ba: ƙarancin jini, larurar maƙoƙo, tarin fuka, ƙanjamau, ko ciwon nan mai hawa da sauka wanda mutum kan yi watanni a kwance sannan ya yi makonni yana zuba, yana ɓarnar dukiya, ba barci. Wannan maganinsa daban ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tunzura shi. Wata kuwa mijin da ke dukanta yana nan a gida, ba ƙwayar da za ta yi aiki sai an taɓa wannan.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ne an samu maganin da ke ɗaga ciwon damuwa cikin sa'o'i. Sunansa ketamin. Tsohon magani ne, an haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a matsayin allurar sa barci don tiyata a 1970. A shekara ta 2000 masu bincike a jami'ar Yale suka ba wasu majinyata da ba su kai goma ba ɗan kaɗan daga cikinsa ta jijiya, suka ga damuwarsu ta sassauta kafin kwana uku. A 2006 cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta maimaita gwajin a kan mutum 18 da magunguna suka gagara, sauƙi ya fara bayyana cikin sa'o'i biyu. A watan Maris na 2019 Amurka ta amince da wani ɗan'uwansa, esketamin, wanda ake fesawa a hanci, ana sayar da shi da sunan Spravato. Wani babban gwaji na 2023 ya nuna ketamin bai gaza jinyar lantarki ba, wadda ita ce aka daɗe ana dogaro da ita in ciwo ya yi tsanani. Ga wanda ya shekara goma cikin ƙunci wannan rahama ce, ba na musun haka.

Sai dai rabin labarin ne ke yawo a wayoyi da bakin mutane. Ga ragowar. A gwajin nan na 2006, bayan mako guda kusan ɗaya bisa uku ne kawai suka rage da sauƙinsu, saura ko ciwo ya dawo musu ko bai sake su ba tun farko. Saurin zuwansa shi ne saurin tafiyarsa, don haka dole a yi ta maimaitawa. Mai amfani da Spravato sau biyu yake zuwa asibiti a mako a watan farko, daga baya sau ɗaya a mako ko a mako biyu, wani lokaci watanni masu yawa. Ba a ba shi ya tafi da shi gida. A gaban ma'aikaci yake fesawa, ya zauna aƙalla sa'o'i biyu ana auna jininsa, kuma ba zai tuƙa mota ba sai washegari. Dalili kuwa, maganin yana tayar da hawan jini nan take, yana kuma raba mutum da hayyacinsa na ɗan lokaci, ya ji kamar ya fita daga jikinsa, ya ga abin da babu, ya kasa tsayawa da ƙafarsa. Ku yi tunanin wannan ya sami yarinya a ɗakin uwarta a Allakaye, ba likita kusa. Cewa za a yi iska ce ta hau ta, a ƙara mata wata sabuwar wahala a kan ta da. Ga mai tsohon hawan jini ko larurar jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa, abin na iya zama ajali.

Kuɗinsa ma ba na talaka ba ne. Lokacin da ya fito, zama ɗaya na Spravato yana cin dalar Amurka 590 zuwa 885, wato sama da jika 300 na sefa, ban da kuɗin asibiti. Ingila da duk arzikinta, hukumar da ke tantance magungunan asibitocin gwamnati ta ƙi amincewa da shi a 2022, saboda tsada da kuma shakkar da ke kan amfaninsa na dogon lokaci. Saboda haka duk wanda ya zo maka da kwalba ko ƙwaya ta jika biyu ya ce ita ce sabon maganin damuwa na Turawa, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma sato ta aka yi daga inda ake ceton rai da ita.

Akwai kuma jaraba. Ketamin yana kama mutum kamar sauran kayan maye. A Ingila da Sin an daɗe ana ganin samari da ƴan mata da ya lalata wa mafitsara, suna fitsarin jini, suna fita fitsari sau da dama cikin sa'a, wasu har an cire musu mafitsarar gaba ɗaya tun ba su kai shekara talatin ba. Fitaccen ɗan wasan Amurka Matthew Perry ya fara karɓarsa ne a asibiti don ciwon damuwa. Da abin ya kama shi, asibiti ya ƙi ƙara masa, sai ya koma saye ta bayan fage. A watan Oktoban 2023 aka tsinci gawarsa a gidansa yana da shekara 54, bincike ya nuna ketamin ne ya kashe shi, kuma likitoci biyu suna cikin waɗanda suka amsa laifin samar masa da shi. Mutumin nan yana da dukiya, yana da asibitoci na gani na faɗa a kusa da shi. Bai tsira ba.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Buza da abin da ya faru a Amurka. Ruwansa shi ne ketamin ba sai an yo odarsa daga waje ba, yana cikin ƙasa tun tuni. Shi ne allurar da ɗakunan tiyata na asibitocin gundumomi a faɗin Afirka suka fi dogaro da ita, saboda tana da araha, ba ta buƙatar manyan na'urori ko wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ba ta danne numfashi da jini kamar sauran. Matar da naƙuda ta gagara aka kwaso ta a amalanke ko bayan kabu-kabu da tsakar dare, jini na zuba, sau da yawa wannan ƙaramar kwalba ce tsakaninta da kabari. Haka wanda mota ta kaɗe a kan babbar hanyar Ƙwanni zuwa Maraɗi, haka yaron da ya ƙone. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ketamin cikin jerin magungunan da ake tsananta wa tsaro a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin likitoci suka ƙi, suka ce yin haka zai hana miliyoyin talakawa tiyata. Saboda matanmu aka bar ƙofar a buɗe. Ranar da aka soma zare kwalabe daga ma'ajiyar asibiti ana yi wa masu damuwa allura a zaure ko a bayan shago, ɓarna biyu za a yi lokaci guda. Mai damuwa zai koma mai jaraba, ita kuma mai naƙuda za ta iso a tarar babu. In kuma abin ya yi yawa hukuma za ta ƙulle maganin da dokoki, ya ƙara wuyar samu a inda ake buƙatarsa.

Ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, da ku nake. Na san albashi bai isa, na san akwai dangin da za su zo su durƙusa su ce a taimaka, sun ji ana yin wata allura. Tausayi ne zai fara kai hannunka ga kwalbar, ba kwaɗayi ba. Amma ma'aunin da ake bai wa mai damuwa ana lissafa shi da nauyin jikinsa, ana ɗiga shi a hankali cikin ƙarin ruwa har minti 40, da na'urar auna jini a hannu da kayan ceton numfashi a gefe, bayan likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar ciwon ya gagara, kuma ba mai taɓin hankali ba ne, ba mai ciki ba, ba mai shaye-shaye ba. Duk abin da aka yi ba tare da waɗannan ba caca ce da ran mutum. In ya ji daɗi zai dawo bayan mako, ya sake dawowa, kuma daga ranar kai ne mai sayar masa.

Ba hasashe nake yi a kan iska ba, domin mun riga mun ga wannan hanya da idonmu. Sha yanzu magani yanzu na farko da ya shigo mana shi ne tramol. Mutane suna ɗauka ƙarfin noma da tura baro kawai yake bayarwa. Gaskiyar ita ce, ban da kasancewarsa ɗan gidan su kodin ta fuskar kama jiki, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa iri ɗaya da waɗanda wasu magungunan damuwa ke taɓawa. Shi ya sa saurayin da ƙunci ya rufe, in ya haɗiye shi, cikin sa'a guda zai ji ƙirjinsa ya buɗe, ya tashi ya yi wanka, ya fita fada ya yi dariya. Na yi imani da yawa daga samarin da muke zagi da ƴan ƙwaya masu ciwon damuwa ne da suka yi wa kansu magani. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma na asibiti miligiram 50 ko 100 ne, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Na kasuwa 200 ne, 225, 250 a ƙwaya ɗaya, ana shan uku ko biyar da shayi. Bayan watanni jiki ya saba, ƙwaya ta daina faranta rai, sai dai ta hana ciwon rashinta. Ranar da babu ita, ƙuncin da ke zuwa ya ninka na farko, ga zufa da makyarkyata da ciwon gaɓoɓi. Ga farfaɗiya, wadda ke kayar da mai kabu-kabu a kan titi da fasinjansa, ko mai ban-ruwa a bakin rijiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗawa. Mutum ya karɓo fulokzetin ko amitiriftilin a asibiti, ya ga yana nawa, sai ya ƙara da tramol don ya taimaka masa, bai gaya wa likita ba. Haɗin nan yana ƙara haɗarin farfaɗiya ƙwarai, yana kuma iya kawo zazzaɓi mai zafi da rawar jiki da ruɗewa har mutuwa. Haka diyazefam da ake sayarwa don barci: yana kwantar da mutum daren farko, ba ya taɓa ciwon damuwar, kuma bayan ƴan makonni barin sa ya zama wani ciwon.

Kada kuma mu yi zaton kama tramol zai kashe kasuwar. Indiya ta tsananta dokar fitar da shi a 2018, a shekarar da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Me ya biyo baya? A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai yana haɗa tafentadol da karisofurodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi, yana turo miliyoyin ƙwayoyi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. An same su a titunan Najeriya da Gana da Kodibuwa, wato daidai inda ƴan ci-raninmu ke zuwa su dawo. Masu wannan sana'a suna sauraron duniya fiye da mu. Da zarar sun ji kalmar maganin damuwa mai saurin aiki tana da kasuwa, za su buga ta a kwali.

To, wanda ciwonsa ya gagara da gaske fa, a bar shi haka? A'a. Akwai matakai, kuma kowannensu ya taimaki mutane. Likita zai fara duba ko ma'aunin ya yi kaɗan ya ƙara. Zai binciki jini da sauran cututtuka. Zai canja zuwa wani magani, ko ya haɗa da na biyu kamar litiyom, wanda shi ma sai da awon jini a kai a kai. Akwai jinyar zama da magana wadda ma'aikacin da aka horar ke yi, kuma a Zimbabuwe an gwada ta a hannun tsofaffin mata a kan benci a harabar asibiti, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna ta yi aiki sosai. Akwai jinyar lantarki, wadda aka fara a Rum a 1938. Mutane na tsoronta, amma yau ana yin ta ne mutum yana barci, tana cikin mafi ƙarfin jinya ga wanda ya daina ci da sha da magana, ko da yake takan taɓa tunawa na wani lokaci. Hanyar samun waɗannan ita ce daga ƙaramin asibiti zuwa na gunduma, zuwa babban asibitin Tawa, zuwa sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai. Ga mutanen bakin iyaka akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya a Kware kusa da Sakkwato. Yamai tana da nisa, kusan kilomita 500 daga Madawa, kuma tafiyar tana cin akuya ko buhunan gero. Na sani. Amma gidan da tramol ya shiga ya sayar da fiye da haka. In ma wata rana ketamin zai shiga jinyar damuwa a Nijar, ta can zai shigo, a hannun masana, da rajista da sa ido.

Allah gafarta malamai, kuna da babban rabo a nan, domin wajenku ake fara zuwa. Addu'a da karatu suna sanyaya zuciya, ba mai jayayya. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce wa majinyaci ya ajiye maganin asibiti, kada a ce masa ƙarancin tawakkali ne ya kwantar da shi, kuma in an ga watanni sun shuɗe yana ramewa a ce wa iyayensa su kai shi likita. Kalma ɗaya daga bakinku a huɗubar Juma'a a kan mai tallan ƙwaya ta fi sanarwa goma a rediyo.

Hukumomin lafiya na jihar Tawa kuwa, babban abin da zai toshe wannan ƙofa mai sauƙi ne: amitiriftilin da fulokzetin su kasance a ƙananan asibitoci ko da yaushe, ba yankewa, a ba majinyaci na wata guda cur, a gaya masa abin da zai ji a makon farko, a sa masa ranar dawowa, in bai dawo ba a aika a neme shi kamar yadda ake yi wa masu tarin fuka. Kowace kwalbar ketamin a ƙirga shigarta da fitarta da sa hannun mutum biyu. Sarakuna da masu gari, ranku ya daɗe, kasuwannin nan a ƙasarku suke ci, kun san masu tiren da sunansu da na iyayensu.

Iyaye da mazaje da mata, in akwai mai shan maganin damuwa a gidanku, wani babba ya riƙe maganin ya riƙa ba shi kullum, musamman amitiriftilin, wanda yawansa lokaci guda yana tsayar da zuciya. Maganin ƙwari na albasa da wake a fitar da shi daga ɗakin kwana a sa masa kwaɗo, domin kusan ɗaya bisa biyar na masu kashe kansu a duniya da shi suke yi, kuma sau da yawa cikin ƙuncin ƴan mintoci ne wanda da zai wuce. Makonnin farko na shan magani su ne na sa ido sosai, don ƙarfin jiki yakan riga farin ciki dawowa. In mutum ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a tsawata masa, kada a yi dariya, kada kuma a aika yaro wajen mai tire ya sayo abin da zai kwantar da shi. A zauna a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa masa tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai. In dare ya yi ba a samu abin hawa ba, mutum biyu su kwana tare da shi, da asuba a kama hanyar asibitin gunduma, a tafi da duk kwalayen abin da yake sha, har da wanda ake jin kunyar nunawa.